Bene hawa uku ba a ɗora shi a kan "haka muka saba"

Kun dai ji abin da aka yi a layinmu, ba sai na maimaita ba. Mutum zai ɗora bene hawa uku a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara, injiniya ya ce sai an gwada ƙasar an kuma ƙara rodi, sai aka sallame shi. Wai birkila ya ce shi da ido yake gane gini. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu kare wannan ganganci da cewa ai kakanninmu sun gina badalar Kano ba su da digiri.

Ku daina fakewa da kakanninmu, don Allah. Maginan da suka fara badala a zamanin Sarki Gijimasu, da waɗanda suka yi wa Muhammadu Rumfa aiki, sun san iyakar kayansu. Sun san inda azara za ta kai kafin ta lanƙwashe, shi ya sa in soro ya yi faɗi sai su ɗaure shi da baka, su kaurara gindin bango ya riƙa sirancewa yana hawa. Ilimi ne na gaske, amma na ƙasa da tubali da azara ne, an tara shi a hankali daga uba zuwa ɗa. Kankare da rodi ba su cikin wannan gadon. Lissafi suke so.

Turawan ma da ido da sabo suke gini da can. A 1638 Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya zauna ya tambayi me ke sa gungume ya karye, ya nuna cewa in ka ninka kaurinsa daga sama zuwa ƙasa sau biyu, nauyin da zai ɗauka ya ninku sau huɗu. Ido ba zai gaya maka wannan ba. A 1678 Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya bayyana cewa miƙewar ƙarfe tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, har zuwa wani iyaka. A 1747 Faransa ta buɗe makarantar gadoji da hanyoyi a Faris, aka koma auna abu a takarda kafin a sa diga a ƙasa. Nan ne sana'a ta zama kimiyya: a san abin da gini zai yi tun ba a gina shi ba. Gwajin ƙasar da Alhajin mai ginin nan ya raina shi ma fanni ne sukutum, Karl Terzaghi ya kafa shi da littafinsa na 1925, saboda ƙasa na lotsewa a hankali ƙarƙashin nauyi, musamman mai ruwa. Lissafi, jama'a. Lissafi.

Na san za a ce injiniyoyin ma gininsu na rushewa. To sai a kai ƙara COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ai tun 1970 aka kafa ta don haka, kuma akwai zane da sa hannu da za a kama mutum da su. Birkilan da ya ce da ido ya gani, da me za ka kama shi? Masu cewa ƙaddara ce kuwa, ku ɗaure raƙuminku tukuna.

Wallahi ba na raina birkila. Hannunsa ne ke gina garin nan, kuma injiniyan kirki yana sauraronsa. Amma yaran da za su kwana a ƙasan rufin kankaren nan ba su san an rage rodi ba, leburorin da ke hawa da kwanon kankare a ka su ma ba su sani ba. Su nake ji.

Sannan masu buga bulo, ku ma akwai magana a kanku. Jiya na ɗaga bulo ɗaya a gefen titi, kusurwarsa ta marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli, yashi zalla, simintin sai ƙamshi. Kuma ko ban ruwan kirki ba a yi masa, yau a buga gobe a loda a kura. Wa ke duba waɗannan wuraren ne a Kano?