Sunan gari a jikin kwalba

Ba na shan giya, ba na kuma yi wa kowa fatan ya sha. Addini ya hana, shi ke nan. Amma duk mai zaune a Suwidin ba zai rasa lura da yadda mutanen nan suka tallata wata barasa mai suna Absolut har duniya ta san ta ba, kuma raina yakan sosu in na tuna da kayanmu na gida.

A wani ɗan ƙaramin gari ake yin ta, Åhus, can kudancin ƙasar. Alkamar daga gonakin yankin take, irin wadda ake shukawa da kaka ta sha sanyin hunturu kafin a girbe ta. Ruwan daga rijiyarsu, dusar da ta rage kuma a kai wa dabbobi. Duk wannan sun mayar da shi labari. Ka dubi kwalbar: ga sunan garin a rubuce, ga hoton Lars Olsson Smith wanda ya fara sayar da ita a 1879, siffarta ma an ɗauko ta ne daga wata tsohuwar kwalbar magani. A 1979 suka shigar da ita kasuwar Amurka, suka jawo masu zane irin su Andy Warhol. A 2008 kamfanin Pernod Ricard na Faransa ya sayi kamfanin da ke yin ta kan sama da yuro biliyan 5.

Wani abu da ba na jin daɗinsa shi ne, sun fi kowa sanin illarta. A nan, shagon gwamnati kaɗai, Systembolaget, ke sayar da kwalbar, sai ka kai shekara 20, ran Lahadi kuma a rufe yake. Sun kare 'ya'yansu, sun tura wa 'ya'yan wasu.

To mu fa, da kayanmu halal ne, masu amfani? Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa, ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yau ma zoɓon Jigawa haka yake fita buhu-buhu zuwa Meziko, mai shansa bai taɓa jin sunan Maigatari ba, balle na matan da suka zauna suna ɓare shi har yatsunsu suka rine. Marinar Ƙofar Mata ta girmi Absolut da ɗaruruwan shekaru, amma wa ke ɗinka sunanta a bakin zane?

Nijar ta fara abin da ya dace, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista da sunan inda suka fito. Ina son ganin an yi wa zoɓon Jigawa da rinin Kano irin wannan, tun marinan da suka iya aikin suna raye.