Ranar 'yanci ranar bin bashi ce

Duk ƙasar da ranar samun 'yancin kanta ta zagayo, jama'a kan rabu biyu. Wasu su ɗauki tuta su tafi kallon fareti, wasu su taɓe baki su ce, "Wane 'yanci? Me aka tsinana mana?" Ni dai ina tare da masu biki, amma dalilina ba zai yi wa masu mulki daɗi ba.

Ku dubi Amurka. Ranar 4 ga Yuli, 1776, wakilan yankuna 13 da ke ƙarƙashin Ingila suka amince da takardar ɓallewa a Philadelphia. A cikinta aka ce dukkan mutane daidai aka halicce su, kuma gwamnati ba ta da iko sai da yardar waɗanda take mulka. Thomas Jefferson, wanda ya tsara ta, yana da bayi a gonarsa lokacin da yake rubuta hakan. Ba a haramta bauta a ƙasar ba sai 1865, mata kuwa sai 1920 tsarin mulki ya tabbatar musu da ƙuri'a. Wanda ya kira wannan munafunci bai yi ƙarya ba.

To amma ga abin da masu taɓe baki ke tsallakewa. A 1852 aka gayyaci Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya yi jawabin bikin a Rochester. Ya tsaya gaban fararen fata ya faɗa musu cewa bikin nasu ne, ba nasa ba, ya wanke su tas. Duk da haka bai ce a yaga takardar ba, da ita ya kama su. Matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 ma kalmominta suka ɗauka, suka ƙara "da mata" a wurin da aka tsallake su. Alƙawari kaya ne, kuma wanda ya sa hannu a takarda ya bai wa na baya hujjar bin sa bashi, ko da bai yi niyyar biya ba.

Kada a ce ciwon Turawa ne kawai. A daren 6 ga Maris, 1957, Kwame Nkrumah ya shaida wa taron jama'a a Accra cewa 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an 'yantar da Afirka baki ɗaya. Shekara ɗaya bayan nan gwamnatinsa ta kafa dokar tsare mutum har shekara 5 ba tare da shari'a ba. J.B. Danquah, wanda aka yi gwagwarmayar da shi, a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965. Ina girmama Nkrumah ƙwarai, shi ya sa wannan ke ci mini rai.

Saboda haka fareti ba ya damuna, yara na son sa, a bar musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake mayar da ranar ta zama ta yabon wanda ke kan kujera. Da ni ke tsara taron, kafin shugaba ya buɗe baki sai an ba wani ɗalibi takardar kafa ƙasar ya karanta da ƙarfi, sashe bayan sashe, shugaban na zaune, 'yan jarida kuma su biyo da tambayar wanne aka cika, wanne ya rage.