Jiki ba ya jiran shayin "wankin ciki"

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk dafin da kitse ke haifarwa a jiki taruwa yake yi har sai an sha wani shayi ko jiƙo ya wanke shi. Ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne idan iskar oksijin ta lalata kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta, takan bar sinadarai masu cutarwa irin su HNE da MDA, waɗanda ke manne wa furotin su ɓata shi. Amma hanta ba ta barin su su kwana. Cikin 'yan mintuna take ɗaure HNE da wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda jiki da kansa ke haɗawa, wani kason kuma ta mayar da shi asid mai ƙarancin illa. Daga nan ƙoda ta ƙarasa aikin, ragowar ta fita ta fitsari. Shayin da ke sa gudawa bai taɓa wannan hanya ba ko kusa, ruwan jiki kawai yake zubarwa.

Abin da ke ƙara wa hanta nauyi shi ne hayaƙin taba, barasa, da man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi a kasko.