Na sayi waya, igiyarta na hannun wani

Duk wanda ya zauna Gusau a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, ba zai tambaye ni dalili ba. Mutum ya hau mota har Funtuwa don kawai ya ce wa abokin ciniki kaya sun iso. Shi ya sa da na ja intanet na tauraron ɗan'adam a shago, na ce bari in haɗa da wayar tebur mai kira ta intanet, ko da sabis ya sake ɗaukewa.

Sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna. Sai na aika Kano aka sayo mini guda biyu na hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke kwashewa idan za su sake kaya. Tsaf suke, ɗaya ma har da 'yar takarda manne a gefe, da lambobin ofishin da ta baro. Mai kaya ya jona su a wuta, fuska ta kawo haske, ya ɗauki bidiyo ya turo mini. Na biya. Ashe cinikin biri a sama na yi.

Kamfanin da na yanki layi a wurinsu ya ba ni sunan shiga da kalmar sirri. A wayar farko, wurin sa su ma a kulle yake da kalmar sirrin tsohon ofis. Na kira ɗan ƙanena mai gyaran waya, ya yi mata filashin, komai ya goge, muka yi murna. Yana soka igiyar intanet, wayar ta mutu ta taso da kanta, tsohon saiti ya dawo, ta sake kullewa. Sau uku muna haka. Ya juya ta ya nuna mini takardar da ke ƙasa, ya ce, "Kawu, wagga waya da ubangijinta."

Ga yadda abin yake. Kowace irin wannan waya tana da lambar MAC, haruffa da lambobi guda 12, ba ta da ta biyu. Da an goge ta ta samu intanet, sai ta fara leƙa saba, wato babbar kwamfutar masana'antar da ta ƙera ta, ta tambaya ko wani ya yi rajistar lambarta. In akwai, can za a tura ta ta kwaso saitinsa. Kuma wanda ya yi rajistar ne ke da ikon sakinta, ko masana'antar idan ka gamsar da su. Waya ta biyun kuwa ta bar mu mun sa bayananmu, amma ta tsaya kan lambar kuskure 403, wato saƙo ya isa, an ƙi karɓa. Da 408 ce, wato an jira amsa ba ta zo ba, da na zargi intanet ɗina. Da na bincika, lambarta na nan a asusun wani.

Na rubuta wa masana'antar imel. Suka ce in turo hoton takardar da ke ƙasan wayar da rasit mai ɗauke da lambar MAC. Rasit ɗina abin da ke jiki: "Waya 2, an biya."

Ban ce kullen ba shi da amfani ba. Ofishin da ya sayi wayoyi ɗari biyu ba zai zauna yana saita su ɗaya bayan ɗaya ba, ga kuma ɓarayi. Amma idan ofishin ya rufe, wa zai sake ta? Matar da miji ya yi ɓatan dabo ma tana da alƙalin da za ta kai wa kuka.

Haushina ya fi yawa a kan dillalanmu. Sun san iPhone mai kullen iCloud sarai, kuɗinta daban, kuma a gabanka ake dubawa. To me ya sa wannan ake tsayawa a "ta kawo wuta"? Gwajinta a jona mata intanet ne, a goge ta, a jira minti biyar a gani ko za ta koma gidan tsohon mijinta. Da na kira mai kayan cewa ya yi, "Alhaji, ai ba lalacewa ta yi ba." Gaskiyarsa, ƙarfen lafiya lau yake. Kira ne dai ba ya yi.

Bayan mako uku ana musayar imel aka saki guda, da ita nake kiran Legas yanzu. Ɗayar na kai ta gida, autata na wasan ofis da ita.