Ɗan Hayar da Ke Hancina

Maruru ne ya fito mini a wurin da mutum ba ya iya gani sai da madubi biyu. Ya fashe, na yi hamdala, sai ga wani a hammata. Shi ma yana warkewa wani ya sake tsirowa a mazaunin farko. Har na ƙware da zama a kan ɓari guda, abokan aiki suka ɗauka sabon salon ƙasaita na samo. Matata ce ta gaji da nishina cikin dare, ta tasa ni gaba sai asibiti.

Na shiga wurin likita na shirya wa kowane irin tozarci. Ya leƙa marurun, ya ce in gyara wandona in zauna. Na ce ai rashin zaman ne ya kawo ni. Ya ce to in tsaya in ɗaga kai. Kafin in ankara ya zaro wani dogon tsinke mai auduga a kai, ya zura mini a hanci, ya murza dama, ya murza hagu. Hawaye shar, na saki atishawar da ta watsa takardun teburinsa.

"Likita, anya ba fayil ɗin wani ka ɗauko ba? Ciwona yana can ƙasa, ta baya."

"Na gani, Malam. Can wurin aikinsa ne. Gidansa nake nema."

Da sakamako ya fito, ashe ɗan haya gare ni ban sani ba. Sunansa Staphylococcus aureus, istaf a bakin ma'aikatan asibiti, bakteriyar da wani likitan tiyata na Sikotland, Alexander Ogston, ya gano a cikin mugunya a 1880. Likitana ya ce kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hanci, a nan bakin ƙofa inda gashi ke tsirowa, kuma yawancinsu har su tsufa ba ta taɓa su. Hannu ne ke ɗauko ta daga can ya kai ta fata, ta sami 'yar kafa ta shige, sai maruru. Wasu mutanen kullum tana hancinsu, wasu takan zo ta tafi, wasu kuwa ko lallashinta aka yi ba ta zama.

Ina jin haka na ce shi ke nan, gado ne. Gado kuwa yana da daɗi, domin laifin ya tashi daga kanka ya koma kan kakannin da ba za su iya musu ba. Tun a mota na kira mahaifiyata.

"Umma, a danginmu akwai mai yawan maruru?"

"Danginmu wa? Mu fatarmu sumul take. Ka tambayi dangin babanka, hancin nan naka ma ai nasu ne."

Na kira Baffa. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Yaro, hancin namu ne, ba mu musa ba. Amma abin da ke ciki kai ka tara abinka."

Ban haƙura ba. Da dare na kwanta rub da ciki, don ba ni da wani zaɓin kwanciya, na shiga karatu ina neman hujjar da zan kai wa Baffa. Abin takaici, masana sun goya masa baya. A 2012 an buga wani bincike da aka yi a kan tagwaye a Denmak. Da gado ne ke yanke hukunci, da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun yi kama da juna sosai wajen ɗaukar istaf, fiye da sauran tagwaye. Sai aka tarar rabon gado a lamarin ɗan kaɗan ne. Akwai wasu bambance-bambance a ƙwayoyin gadon garkuwar jiki da aka danganta da abin, amma babu wanda ya isa a kama shi da laifin shi kaɗai.

Ƙwayoyin gadon da suka fi yin aikin nan na ɗan hayar ne da kansa. Yana da wata da ke sa shi ƙera furotin mai suna ClfB, wanda ke maƙale wa furotin biyu na fatar bakin hanci, loricrin da cytokeratin 10. Da shi yake riƙe bango, shi ya sa fyace majina ba ta fitar da shi. Masu bincike a Holan sun cire masa wannan ƙwayar gadon, suka zuba shi a hancin masu sa kai, ya kasa daɗewa kamar mai cikakken kayan aiki. I, akwai mutanen da da hankalinsu suka miƙa hanci aka ɗura musu istaf. Allah ya saka musu, amma ni ba da ni ba.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne gwajin da aka yi a birnin Rotterdam na Holan a 2004. An share hancin mutane tas da magani, aka zuba musu gaurayen nau'o'in istaf daban-daban. Yawancin waɗanda dama ba sa ɗauka sun fatattake su duka. Masu ɗauka kullum kuwa suka koma gidan jiya, kuma da dama cikinsu ainihin tsohon nau'insu hancin ya zaɓo daga cikin taron. Wato ba fasa ƙofa ya yi ba. Hancina ne ke ajiye masa mabuɗi.

Sai na ci karo da labari mai daɗi. A 2016 masana a Jami'ar Tubingen ta Jamus sun gano cewa wata 'yar uwarsa, Staphylococcus lugdunensis, tana haɗa sinadarin da ke kashe shi, lugdunin. Cikin majinyata 187 da suka gwada, masu ita a hanci kashi 5.9 cikin ɗari ne kawai ke da istaf, marasa ita kuwa kashi 34.7. Ranar komawa asibiti na roƙi likita ya rubuta mini ita. Ya ce ba a sayar da ita, kuma ita ma idan ta shiga jini har zuciya take kamawa. Daga nan ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, kana ƙwaƙular hanci?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe."

Kuskuren zuwa da shaida ke nan. Matata ta gyara zama. "Likita, in danja ta tsayar da mu, yatsan nan har gaɓa ta biyu yake shigewa."

Na ce susa ce, kuma ta waje. Likita ya ce a 2006 an buga bincike a kan wannan ma, aka ga masu ƙwaƙula sun fi ɗaukar istaf. Na tambaye shi wanne ya riga wani, yatsan ne ya kai ƙwayar ko ƙwayar ce ta jawo ƙaiƙayin da ya kira yatsan? Ya ce binciken bai raba wannan gardamar ba. To ni a nan na tsaya, kuma har gobe a nan nake.

Ya rubuta mini man mupirocin, a shafa cikin hanci safe da yamma har kwana 5, da sabulun ruwa na chlorhexidine don wanka, tawul nawa ni kaɗai, zannuwan gado a wanke su. Ya gargaɗe ni kada in mayar da man abin shafawa kullum, don istaf ya iya bijire wa magani. Tun 1961 aka ga nau'insa mai bijire wa magani, wanda ake kira MRSA, a Ingila. Ya kuma ce kada in yi mamaki in bayan 'yan watanni mutumin ya dawo da kayansa.

"Da me zan shafa a cikin hancin?" na tambaya.

"Da tsinken auduga, ko ɗan yatsa in ka wanke shi."

Na juyo na dubi matata da murmushin wanda ya ci shari'a.

Washegari da safe ina ɗaki gaban madubi ina bin umarnin likita sau da ƙafa, wayata ta yi ƙara a falo. Shugabana ne na ofis yake son jin ya jiki. Ƙaramar 'yata ta riga ni ɗauka, na jiyo ta da muryarta rangaɗau:

"Abba yana ɗaki yana ƙwaƙular hanci. A'a, Umma ba za ta yi faɗa ba, yanzu likita ne ya sa shi."