Mutum-mutumin Bolte na tsaye, na Andrews ne ke tsone ido?

Hayaniyar da ake yi a jihar Victoria ta Ostireliya kan kafa wa tsohon Firimiya (shugaban gwamnatin jiha) Daniel Andrews na jam'iyyar Leba mutum-mutumi ta ishe ni. Ba shi ya kafa ƙa'idar ba. Jeff Kennett na jam'iyyar Liberal ne ya ce duk firimiyan da ya yi kwana 3,000 a kan kujera a kafa masa nasa a Treasury Place, wurin ofisoshin gwamnatin jihar a Melbourne, kuma Andrews ya cika kwanakin. Wai ya raba kan jama'a da kullen korona. To, Henry Bolte, tsohon firimiya ɗan Liberal da mutum-mutuminsa ke tsaye a wurin, kan wa ya haɗa?

Bolte mai kiwon tumaki ne a Bamganie, yammacin jihar. Ya sha kaye a mazaɓar Hampden a 1945, ya ci a 1947, ya zama firimiya a 1955, bai sauka ba sai 1972. Masoyansa na son labarin baƙauye mai faɗin gaskiya da ya shigo birni ya gyara shi. Tatsuniya ce kawai. Abin da ya zaunar da shi shekara 17 shi ne darewar jam'iyyar Leba a 1955, lokacin da 'yan tawayen da suka ɓalle daga cikinta suka kafa jam'iyyar DLP suka riƙa tura wa jam'iyyarsa ƙuri'unsu na zaɓi na biyu, zaɓe bayan zaɓe. Ya yi aiki kam, a zamaninsa aka buɗe jami'o'in Monash da La Trobe.

Amma ranar 3 ga Fabrairun 1967 gwamnatinsa ta rataye Ronald Ryan a kurkukun Pentridge kan kisan gandiroba, bayan shekara 16 ba a rataye kowa ba a jihar. Shugabannin coci, ɗalibai, lauyoyi da manyan jaridu, babu irin roƙon da ba su yi ba. Gogan naka ya toshe kunne. A watan Afrilu ya koma kujerarsa da ƙarin rinjaye. Daga Ryan ba a sake rataye kowa ba a duk ƙasar.

Wannan mutumin aka ƙera da tagulla, aka kuma sa wa gada sunansa a Melbourne, babu wanda ya tayar da jijiyar wuya. In ƙa'idar kwana 3,000 ce ba ta yi wa masu sukar na Andrews ba, su je majalisa su nemi a soke ta ga kowa, su fara da na Bolte.