Kawu yana azumi, kyamara ba ta sani ba

Malaminmu na darasin hoton jarida ba ya ƙaunar hoton da aka shirya wa. Da ya ga mutum ya ƙame, ya gyara hula, ya zuba wa kyamara ido, sai ya ture hoton gefe ya ce na fasfo ne, a kai ofishin shige da fice. In kuwa ɗalibi ya kawo kukan cewa kyamararsa ta tsufa, sai ya tuna masa hoton Alaa Salah, wadda ta hau kan mota cikin farin tobi, wato lafayar matan Sudan, a zanga-zangar Khartum ta watan Afrilun 2019. Lana Haroun ce ta ɗauke shi da wayar hannu, ya kuma zaga duniya. Sai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "To kai me ka rasa?"

A hutun 2022, kafin yaƙi ya watsa mu daga makaranta, ya ce kowa ya koma garinsu ya kawo hotunan rayuwar yau da kullum. Sharaɗi uku ya gindaya: ban da shiri, ban da ɗaukar mutum a yi amfani da hotonsa ba da yardarsa ba, kuma kowane hoto ya zo da bayani a ƙasansa: waye, me yake yi, a ina, yaushe. Ya ƙara da gargaɗin kada wanda ya ɗaga kyamara kusa da gada ko bariki, ni kuma ya nuna ni da biro ya ce har da madatsar ruwan Sinnar, wadda tun 1925 take nan ba ta nemi hotona ba.

Ni ɗan Mai Wurno ne, garin da ke bakin kogin Bahar Azrak (Blue Nile) kudu da Sinnar a Sudan, wanda kakanninmu suka kafa da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Na ɗauka aikin banza aka ba ni. Garinmu ne, kowa nawa ne. Ashe matsalar ke nan.

Da kakata na fara. Da sassafe na iske ta a ƙarƙashin rumfa tana tuyar kisra. Ta zuba ƙullun dawa mai tsami a kan doka, wato faifan tuya, ta ja shi da ɗan ɓallen kaba sau ɗaya, ya bazu fale-fale, hayaƙi na ratsa hasken da ke shigowa ta ramukan zana. Na durƙusa, na daidaita, yatsana na kan maɓalli, sai ta waigo.

"Kai maigidan, da zanen girki za ka ɗauke ni? Ka kai wa mutanen Khartum su ce mijina ba ya yi min sutura?"

Na ce, "Hajiya, ai a haka ake so."

"Wa yake so? Shi ya aiko uwarsa a ɗauka."

Ta shige ɗaki ta bar kisra a wuta. Sai da na gaji da jira ta fito cikin tobin Sallah, da awarwaro, da ƙamshin turaren wuta, wai ko a hoto a san ba ƙazama ba ce. Ta sa aka fito da gadon igiya tsakar gida, ta zauna, ta ɗora rediyo a cinya, ta ɗaure fuska tamau. Kafin in ce wani abu an aika wa maƙwabta, su ma sun yi wanka sun jeru. Ranar da ƙonannen kisra muka karya, kuma duk gidan an yi ittifaƙi cewa laifin "ɗan jarida" ne.

Bakin kogi ma haka. Na roƙi masunta su ci gaba da gyaran kalli kamar ba na wurin, suka ce to, nan take kowa ya ajiye aiki ya ɗaga kifi sama. Wani da bai kama komai ba ya ari ƙaton giwan ruwa a jirgin maƙwabcinsa. Yara kuwa ba a magana. Duk inda na juya suna biye da ni, "Sawwirni! Ɗauke ni!", kowa da yatsu biyu a sama. A garin nan kaf jakin amalanke ne kaɗai bai shirya wa hoto ba, shi ma juya min baya ya yi.

Na yi wa malam waya na kai kuka. Ya ce, "Ka zauna wuri ɗaya har su gaji da kai. Kuma ka daina yawo da rana tsaka, hasken sama yana sa idanun mutane su zama ramuka. Ka jira la'asar."

Sai na tare a rumfar mai agashe a kasuwa. Tsiren nan namu dai, wanda ya bi Hausawa ya shigo Sudan har Larabawa suka fi mu kwaɗayinsa. Da farko shi ma ya cire rigar aiki ya zumbula farar jallabiya, yana juya tsinke da yatsu biyu don kada mai ya taɓa shi. Na ƙi ɗauka. Na zauna, na sayi tsinke, na ci, na sake saya (kuɗin motar komawata a nan ya tafi). A hankali ciniki ya kankama, zafin wuta ya ishe shi, ya tuɓe jallabiyar ya manta da ni.

Wata Alhamis da la'asar sakaliya rana ta karkato ta shigo rumfar ta gefe. Tsinkaye sun kewaye garwashi, kitse na ɗiga yana tashi da hayaƙi. Ya damƙo yaji da garin ƙuli ya watsa daga sama. Na riga na sa saurin ƙyaftawar kyamara a 1/1000 na daƙiƙa, na matsa kusa har zafi na dukan goshina, na danna. Da na duba, ga hannunsa a buɗe, ga ƙwayoyin yaji sun tsaya cak a cikin haske. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na rungume kyamara na yi gida.

To, a san wani abu game da kawuna. Shekara da shekaru an san shi da azumin Litinin da Alhamis. A waɗannan ranaku ba ya zuwa gona, ba a yi masa hayaniya, kuma Inna matarsa tana haɗa masa buɗa-baki na musamman. Na iske an kira magariba, yana zaune a tabarma gaban faranti: dabino, jan karkade mai sanyi, kunun gyaɗa, farfesun kifi. Yana kurɓa yana nishi, yana cewa yau kam rana ta yi zafi, sai dai lada.

Ni kuma zumuɗi ya hana ni haƙuri. Na buɗe hoton a kwamfuta na ce kowa ya zo ya ga aiki. Aka taru ana santi. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a bayan kafaɗar mai agashe.

"Ɗan ƙara min girman nan wajen."

Na ƙara. Wani bawan Allah ne a kan benci, rawani ya zame gefe, tsinke a gicciye a bakinsa, ya lumshe ido don daɗi.

Tsakar gida ta yi tsit. Kawu ya leƙo, ya gyara murya ya ce, "Ikon Allah. Mutum mai kama da mutum."

Inna ta ce, "Har da takalmin da na kai wa baduku ya yi wa faci da jan zare?"

"To ai hoton jiya ne, Laraba."

Ƙanena, wanda ba a tambaye shi ba, ya miƙo hannu ya danna wajen bayanin hoto. Kyamara dai ba ta ɗaukar hoto sai ta rubuta kwanan wata da lokaci a cikinsa. Ga shi ɓaro-ɓaro: yau, ƙarfe 4:20 na yamma. Kawu ya ce agogon na'urar Nasara ne, ba lallai ya dace da na Sudan ba. Da ya ga ba wanda ya tanka, sai ya koma fiƙihu. Ya ce wanda ya ci da mantuwa azuminsa na nan, Allah ne ya ciyar da shi, a tambayi kowane malami.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta matso da fuskarta dab da kwamfuta, ta ƙirga tsinkayen da aka cinye aka jera a gefensa a kan benci.

"Shida. Kai wannan mantuwa taka akwai ci."

Inna ba ta ce uffan ba. Ta sunkuya ta ɗauke farantin, har da kofin karkaden da ke hannunsa.

Bayan isha'i ya kira ni bayan gida. Ya fara da tuna min cewa shi ya saya min keken farko. Sannan ya ce ya ji ana iya goge mutum a hoto da kwamfuta. Na ce ana iyawa, amma a hoton jarida haramun ne. An yarda ka gyara haske, ka datse gefe, ba a yarda ka cire ko ka ƙara komai ba. Na ba shi labarin mai hoton da kamfanin Reuters ya sallama a 2006 saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut.

Ya ce, "Ni hayaƙi na ce ka ƙara? Kai, ma ƙara ɗin, ya rufe ni."

Muka gwada datsewa. Duk ta inda na yanke shi sai hannun mai agashe ya tafi tare da shi, hannun kuwa shi ne hoton. Da ya ji cewa ba zan iya miƙa aikin ba sai da yardarsa, sai ya washe baki ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare. Da safe Hajiya ta aiko a gaya masa ita ta haife shi kuma ta yarda. Inna ta ce ita ma ta yarda, tana kuma son a wanko mata babba ta rataye a ɗaki. Daga ƙarshe aka yi sulhu: hoto zai tafi, amma ba suna, ba rana.

Malam ya ɗaga shi a gaban aji ya yaba, musamman mutumin baya, wai ka ga wanda bai san da kyamara ba, ya ba da ransa ga abin da yake yi. Sannan ya karanta bayanin ƙasa, ya zare jan biro, ya zabge min maki, ya rubuta: "Yaushe?"

Na fita waje na kira Kawu na ce malam ya matsa sai an faɗi rana, ko ya sassauta?

Ya yi shiru, ina jin ƙarar kasuwa a bayansa. Can ya ce, "Ɗan nan, yau Litinin. Ina azumi, ba na son yawan magana."